Rakiya Har Gadar Jirgi

Garinmu yana da tashar jirgin ƙasa tun kafin a haifi mahaifina, amma har na fara furfura ban taɓa jin kukan jirgi a cikinsa ba. Tashar tana unguwar Anbariyya, ginin Turkawa ne na baƙin dutse, mutanen Madina kuma suna ce mata Istasiyon. Jirgin ya daina zuwa tun zamanin wani yaƙi da tsofaffi kaɗai ke iya ba da labarinsa. Ya bar ginin, ya bar taragai suna tsatsa a fili, ya bar kawunan jirgi a rumfa, tattabaru suka gaje su. Shekara da shekaru ina koyar da tarihi a makarantar tsakiya, ina zana wa ɗalibai layin da ya taso daga Sham ya gangaro har inda suke zaune, su kuwa suna satar kallon agogo. Ban ga laifinsu ba. Da wuya ka sa yaro ya damu da jirgin da kakansa ma bai hau ba.

Mutum ɗaya na sani da bai taɓa ɗaukar Istasiyon kango ba, shi ne Baba.

Baba Bakano ne, duk da cewa bai san Kano ba. Yana goye aka fito da shi, iyayensa suka nufo hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama shekaru. Can ya girma, can ya yi aikin reluwe yana saurayi cikin masu gyaran layin dogo, kafin ya ƙetaro teku ya buɗe shagon ɗinki a Madina. Da ya tashi kama gidan haya sai ya kama a bayan Istasiyon, don a garuruwan da ya sani mutanen kirki kusa da tasha suke zama. Cewa wannan tashar ba jirgi, bai ɗauke shi wani babban cikas ba.

Amfaninta a wurinsa ɗaya ne, rakiya. A ƙa'idar Baba ba a sallamar baƙo a bakin ƙofa. Wanda ake sallama a bakin ƙofa shi ne mai kawo tukunyar gas. Baƙo, in ya ci ya sha ya miƙe, sai mai gida ya yafa mayafi ya taka masa har inda matafiya ke rabuwa, inda matafiya ke rabuwa kuwa ita ce tasha. Saboda haka duk wanda ya shigo gidanmu, sai Baba ya kai shi ƙofar Istasiyon. A can za su tsaya, ya riƙe hannunsa, ya ba shi saƙon gaisuwa ga mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tsai da masa tasi, ya tsaya har motar ta sha kwana. Akwai wani maƙwabci da gidansa ke ɗaya ɓangaren unguwar; shi ma sai an kai shi tasha, sannan ya juyo ya sake wucewa ta ƙofar gidanmu. Gidanmu kuwa ba ya rabo da baƙi. Ba wanda ya taɓa lissafa irin tafiyar da Baba ke yi a yini, shi ma bai san yana yi ba.

Cikin shekarun casa'in na miladiyya gari ya buɗe ta ko'ina, tsofaffin unguwanni suna komawa otal-otal, ni ma Allah ya hore mini gini a unguwar Aƙiƙ. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, Baba ya bar ɗinki, sai muka taho da shi. Na zaɓi filin da alfahari saboda masallaci yana jikin katangarmu, tsoho ba zai wahala ba. Titin mai faɗi ne, kowane gida da ƙatuwar ƙofar ƙarfe, kowane baƙo da motarsa, yana tsai da ita daidai bakin ƙofar. Baba zai yafa mayafi kamar kullum, ya fito da baƙo, kafin ya gama gaisuwar matar gida mutum ya riga ya kunna na'urar sanyi yana ɗaga masa hannu ta gilashi. Sai ya tsaya jim, ya dubi titin sama da ƙasa, ya koma ciki.

Ba a daɗe ba ƙafafunsa suka fara nauyi. Dama yana da ciwon sukari, amma a Anbariyya ciwon yana zamansa ne kawai kamar ɗan hayar da ba ya surutu. A Aƙiƙ ya fara ɗaga murya. Likitan, wani Bamisire mai fara'a, ya latsa tafin ƙafar Baba ya tambaye shi ko ya ji, Baba ya ce ya ji kaɗan. Likitan ya daina fara'ar. Ya ce jini ba ya isa ƙasa yadda ya kamata, magani zai yi nasa, amma in ba a taka ƙafar nan kullum ba, nan gaba kaɗan sai kujera a masallaci, sai keken turawa a Harami.

Na ga fuskar Baba a lokacin. Mutuwa ba ta ba shi tsoro, ya sha yi mata barkwanci. Abin da yake tsoro shi ne farar kujerar roba da ake jerawa a ƙarshen sahu, da keken nan da muke ce wa arabiyya, wanda ake tura tsofaffi a ciki ranar Juma'a suna kallon cibiyar mutane. Ya sha faɗi cewa yana roƙon Allah ya karɓi ransa goshinsa bai manta ƙasa ba.

Sai na ɗauka magana ta ƙare, tunda ga tsoro ga magani. Ashe ban san ɗalibina ba. Baba ya ce shi ba zai fita yawo ba dalili ba. Masu tafiya ba inda za su, in ji shi, iri biyu ne, mahaukaci da wanda akuyarsa ta ɓata, shi kuwa ba ya kiwo. Ya ƙara da cewa ya yi tafiyarsa a dunƙule tun yana yaro, daga ƙasar Hausa har bakin teku, ba wanda zai sake ɗora masa wata. Na yi masa bayanin jijiyoyi da zagayawar jini, har da zane a bayan takardar magani. Ya saurara da ladabi irin na ɗalibin da ya riga ya yanke shawarar ba zai yi aikin gida ba. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba. Da can "kai wannan" ne, da na fara koyarwa ya koma ce mini Ustaz, yana ja wa kalmar wutsiya in na cika bayani. Ran nan wutsiyar ta yi tsawo. Na je kantunan titin Sultana na sayo masa fararen kambas masu taushi. Ya juya su, ya yaba ɗinkin, ranar Juma'a na gan su a ƙafar ladanin masallacinmu.

Masu shimfiɗa bututun ruwa ne suka fara ceto mu ba da niyya ba. Suka haƙe titinmu daga wannan kai zuwa wancan, mota ba ta shiga. Yayan matata, ma'aikacin ofis mai ƙaton tumbi da ƙatuwar mota, ya zo gaishe mu da la'asar yana haki, yana tsine wa ramuka da Larabci, don ya bar motar can bakin baƙala, kantin kayan masarufi da ke kan kwana. Da ya tashi tafiya Baba ya yafa mayafi. Muka zuba ido mu ga inda zai tsaya. Bai tsaya ba. Suka bi gefen rami, suka ƙetare katako, har baƙala. Daga nesa na hango shi riƙe da hannun mutumin yana jero gaisuwa, har ta kai kan wata goggo da ta rasu bara. Ya dawo yana gumi, ya ce a ƙara masa tuwo.

Duk makonnin da aka yi ana haƙan, haka aka yi ta yi. Ni na lura cewa Baba ya sake, na danganta abin da sabon magani. Matata ce ta tsare ni a kicin ranar da aka zuba kwalta, tana juya waina a tanda ba ta ko dube ni ba.

"Ustaz, Baba ba tafiya ya ƙi ba," in ji ta. "Tasha ya rasa."

Na ce to ai ba zan iya ɗauko Istasiyon in kawo Aƙiƙ ba. Ta ce ba ta sa ni ba, in dai bar mata wayar gida da yamma.

Haka aka kafa layin. Ta kira 'yan'uwa da abokan arziki ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk mai zuwa gidanmu ya ci gaba da barin mota a baƙala kamar ba a gyara titi ba. In Baba ya tambaya, kowa ya nemo dalilinsa. Wani ya ce can ne akwai inuwa. Wani ya ce ya tsaya sayen madara ne sai ya ji ƙyuyar sake tayar da mota. Wani ɗan ƙanwata, da ke jin Hausa amma yake amsawa da Larabci, ya rasa abin cewa sai ya ce sabuwar kwalta tana ɓata taya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce lalle kwaltar zamani ba ta da amana.

Matsalar kowane layi fasinjoji ne, mutanen Madina kuwa sun fi son motarsu da ƙafarsu. Matata ta san da haka, sai ta buɗe tukunya. Litinin waina da miyar taushe, Laraba dambu, wata rana fura mai sanyi wadda ta dama da hannunta. Mutanen da suka shekara ba su tuna da mu ba suka gano cewa zumunci wajibi ne. Na taɓa karanta cewa jiragen cikin birane a ƙasashen Turai ba sa ɗaukar nauyin kansu sai hukuma ta tallafa. Namu ma haka, sai dai tallafin namu da man shanu ake yinsa.

Da ƙafar Baba ta saba da baƙala, sai aka ƙara tasha. Ta biyu ita ce gidan burodin tamis na wasu Afganawa, can gaba da masallaci na biyu. Ta uku jikin katangar wata tsohuwar gonar dabino, inda akwai dakali da inuwa ta gaske, wadda ta sauƙaƙa wa masu ƙarya aikinsu. Matata ke yanke lokacin da za a ƙara, ba ta shawara da kowa sai ƙafar Baba, wadda take dubawa da wutsiyar ido in ya zauna alwala. A kicin da sunayen tasoshin muke magana: yau wane ne zai sauka a Tamis, wa za a tura Dabino. Burinta na ƙarshe shi ne gadar jirgi, tsohuwar gadar dutse da layin Turkawa ya bi ya ƙetare kwarin Aƙiƙ, can ƙarshen unguwa. Ta ce ranar da Baba ya kai gada ya dawo da ƙafarsa, ta gama aikinta.

A shekarun nan jaridu kan taso da zancen jirgi lokaci zuwa lokaci, wani zubin na tsakanin garuruwa, wani zubin na cikin gari wanda zai riƙa kai mutane Harami. Nakan kawo wa Baba in karanta masa. Yakan saurara ido a lumshe, sannan ya tambaya ko an fara zuba tsakuwa. In na ce tukuna, sai ya ce to a bar shi ya yi gyangyaɗinsa. Ni kuwa ina dariya a ciki, don na san layi ɗaya a Madina da ake faɗaɗawa ba tare da jarida ta sani ba, mai gyangyaɗin nan kuwa shi ne jirginsa.

Mutum ɗaya matata ta ƙi sakawa a shirin, wato Alhajin Ƙuba. Abokin Baba ne tun suna ɗaukar ƙarfen dogo a kafaɗa a Sudan, yana da 'yar gonar dabino a Ƙuba da tsohuwar a-kori-kura da yake tuƙawa da kansa. Bazazzagi ne, ko da yake a Sudan aka haife shi, bai taɓa ganin Zariya ko a hoto ba. Wannan bai hana su wasan Kanawa da Zage-zagi ba. Sun ɗauko shi cikin kayan iyayensu, suna ta amfani da shi bai tsufa ba. Kowace Alhamis bayan la'asar yakan zo, ya tsai da motarsa a bakin ƙofa, su sha shayi su zagi juna. Matata ta ce bakinsa ba shi da murfi, saboda haka Alhamis ta zama ranar hutun layi.

Yayan matata ne ya ɓallo ruwan. A wani taron suna ya zauna kusa da Alhajin, ya shiga kukan yadda ƙanwarsa ke sa shi tafiya a rana saboda tsoho. Alhamis ta zagayo. Muna zaune a ɗakin baƙi, an zuba shayi, Alhajin ya zuba sukarinsa cokali bayan cokali irin na mutanen Sudan, ya kurɓa, ya dubi Baba yana murmushi.

"Bakano, ashe yanzu kai ake rakawa?"

Baba ya tambaye shi me yake nufi. Alhajin ya kwashe labarin duka ya zube, da tasoshin, da wainar, da kwaltar da ke ɓata taya, yana dariya har da tari. Ya ce shi dai bai taɓa ganin an ja akuya kiwo da dabara irin wannan ba. Baba ya ce mutumin da ya taka daga ƙasar Hausa har teku ba a koya masa tafiya. Alhajin ya ce rabin tafiyar nan a bayan tsohuwarka ka yi ta, kana barci.

A wata rana da Baba ya rama da wadda ta fi ta zafi. Ran nan bai rama ba. Ya ajiye kofinsa, ya ce ai ya sani tun ranar da titi ya gyaru motoci ba su dawo ba; wanda ya yi aikin reluwe ba a ƙara tasha bai lura ba. Na ji sanyi a raina, na ɗauka an wuce wurin. Sai ya ɗaga murya kaɗan ya kira matata, ta zo ta tsaya bayan labule.

"Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Daga yau kowa ya kawo motarsa bakin ƙofa. Ba a wahalar da baƙo saboda mai gida."

Ta ce to, Baba. Alhajin ya daina dariya, ya dubi kofinsa, ya dube ni. Ba a jima ba ya ce yana da ban-ruwa a gona. Baba ya raka shi bakin ƙofa.

Sai a lokacin na fahimci abin da aka fasa. Muddin ba a faɗa ba, Baba yana girmama baƙinsa ne, su kuma suna karɓar girmamawar. Da aka faɗa, sai ya zama majinyacin da mutane ke zagayawa da shi don a taimaka masa, shi kuwa ya gwammace ya zauna. Ya zauna ɗin. Motoci suka dawo bakin ƙofa, masu tumbi suka yi hamdala a ɓoye. Na yi niyyar yi masa bayani, matata ta ce in rufa wa jijiyoyi asiri. Kwanaki suka wuce, idon sawunsa ya fara kumbura, takalminsa ya fara matse shi. Wata safiya na shiga ɗakinsa na tarar da farar kujerar roba ta tsakar gida an jawo ta kusa da dardumarsa.  Farilla dai yana yinta a tsaye a masallaci, yana dafa bango in zai tashi daga sujada, amma na san nafilar walha ta koma kan kujera.

Alhamis ta gaba Alhajin bai zo ba. Wadda ta biyo ta ya zo, da kwandon dabinon gonarsa a hannu, ya ajiye ba tare da ya ce na mene ne ba. Suka gaisa kamar surukai. Aka kawo shayi. Dama kwanon sukari gaban baƙo ake ajiye shi, amma ran nan sai ga shi a kan tire ta wajen Baba, yadda dole mai gida ne zai zuba. Baba ya cika cokali ya nufi kofin abokinsa. Alhajin ya rufe kofin da tafin hannu. Ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalba, ya jefa ƙwaya ƙarama fara irin ta masu ciwon sukari a shayin, yana kallon taga.

Har yau matata tana cewa ba ta san komai ba, tiren ne kawai ya juya. Na dai san a makon nan wayar gidanmu ta sha kiran wani gida a Ƙuba.

Baba ya riƙe cokalin a sama, ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Bazazzagi, yaushe ka tuba?"

Alhajin ya ce tun watan jiya, jiri ya ɗebe shi a gona, 'ya'yansa suka kai shi asibiti. Baba ya tambaye shi abin da likita ya ce, ya ce abin da suke cewa mana, a taka ƙafa kullum. Baba ya ce to yana yi? Alhajin ya ce ina za shi, gona a bayan gida, masallaci a gaban gida, shi kuma ba mahaukaci ba ne balle ya kama zagaya Ƙuba ba dalili.

Rabon da in ji dariyar Baba tun ranar da aka rufe layi. Ya yi ta har ya share ido da gefen mayafi. Da suka gama shayi ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin mota. Alhajin ya ba shi, yana zaton wani wasan ne. Baba ya miƙo mini.

"Ustaz, kai motar nan gadar jirgi. Ka jira mu a can."

Alhajin ya ce gada fa, ai sai gawarsa ta isa. Ya ce gwiwarsa, ya ce zafi, ya ce Kanawa dama ba su da tausayi tun asali.

"Baƙona ne kai," in ji Baba, yana yafa mayafi. "Ni ke faɗin inda za mu rabu. Tashi, kada ka mutu mini a ɗaki."

Na tuƙa a-kori-kurar, tana warin taki da dabino, na tsai da ita a gindin gadar. Ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba, duk da na sha zana ta a allo. Bakunan dutse ne a jere kan busasshen kwari, ba ƙarfe a kanta, ba katako, sai ciyawa a tsakanin duwatsu da awakin wani suna kiwo a ƙasa. Na zauna a inuwarta ina duban hanya, ina lissafin abin da zan gaya wa 'ya'yan Alhajin in abin ya ɓaci.

Rana ta yi sanyi kafin na hango su. Suna tafe a hankali, Baba a gaba kaɗan, Alhajin yana dafa kafaɗarsa in sun zo gangara. Tun kafin in ga fuskokinsu nake jin muryoyinsu, suna gardama kan wani shugaban leburori da ya mutu tun kafin a haife ni, ko Bature ne ya kore shi ko shi ya gudu. Daga baya na ji cewa sun zauna a kowace tasha: sun sha ruwa a baƙala, Afganawa sun ba su benci, a dakalin dabino kuwa Alhajin ya rantse ba zai ƙara taku ba, Baba ya ce to ya kwana nan, mota dai tana gada.

Da suka iso Baba ya dafa dutsen gadar, ya bubbuga shi da tafin hannu kamar mai duba doki, ya ce waɗanda suka yi wannan sun ci abincinsu. Sannan ya kama hannun abokinsa ya shiga jero gaisuwa, daga uwargida har jikoki. Alhajin ya hau mota yana numfashi sama-sama, ya ce to su shigo ya sauke mu a gida. Baba ya ce bai taɓa jin inda mai rakiya ya koma a motar baƙo ba. Ya ƙara da cewa Alhamis mai zuwa a nan zai bar motar tun da farko, ya tako, in ya ƙi kuwa ba shayi.

Muka juyo a ƙasa ni da shi. Magariba ta same mu a masallacin kusa da Tamis. Na tsaya gefensa a sahu, ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya tashi bai nemi bango ba, ko da yake na ji gwiwarsa ta yi ƙara. Da muka isa gida ya ce wa matata, ta bayan labule, kujerar tsakar gida ta ɓato hanya ta shigo ɗakinsa, a mai da ita.

Daga ranar layin ya koma hannun Baba, kuma a fili. Shi ke raba wa baƙi tasha, ma'auninsa kuwa tumbi. Siriri ya sauka a baƙala, matsakaici a Tamis. Yayan matata gada aka yanka masa ta dindindin, ya ɗaukaka ƙara wurin ƙanwarsa, ta ce ita ta yi ritaya, kicin kaɗai ya rage a hannunta. Ni ma ban tsira ba. Wata rana ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce alli ba ya sa gumi, daga gobe in riƙa barin motata a Dabino in na taso daga makaranta. Yanzu rakiyar don lafiyar baƙi ake yinta, shi mai gida yana sadaukar da ƙafarsa ne kawai, yana kuma tuna musu da hakan.

Bayan wasu shekaru aka gyara Istasiyon, aka kori tattabaru, aka mai da ita gidan tarihi. Na kai su su biyu. A ƙofa wani ma'aikaci mai ladabi ya ga tsufansu ya gungaro keken turawa. Baba ya yi masa godiya, ya nuna Alhajin, ya ce a tambayi wancan, Bazazzagi ne, ba su da ƙwari. Suka zagaya kan jirgin da aka yi wa fenti, suka leƙa ƙarƙashinsa, suka yarda cewa na Sudan ya fi shi girma. Wannan ne karo na farko da na ji sun yarda da juna a kan wani abu.

Can wajen ƙarshen shekarun nan zancen jirgin Makka da Madina ya tashi daga jarida ya fara zama gaske. Baba ya tsufa ƙwarai a lokacin, layinsa ya janye ya dawo Tamis, wata rana ma baƙala, amma Juma'a da ƙafarsa yake shiga Harami, hannunsa a kafaɗata. Na karanta masa labarin da hantsi, yana zaune a tsakar gida matata tana yanke masa farce. Ya yi tambayarsa ta kullum, na ce wannan karon ana cewa har an fara aikin ƙasa. Ya buɗe ido. Ya tambaya ko Istasiyon za a farfaɗo, na ce a'a, sabuwar tasha za a gina can gabashin gari, nesa da mu sosai.

Ya shiga motsa yatsun ƙafarsa, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dubi matata.

"Ɗiyata, kira mini yayanki," ya ce. "A gaya masa an ƙara masa tasha."